Seestar S50 da Rigimar 3I/ATLAS: Abin da Ƙaramin Madubi Zai Iya Tabbatarwa da Wanda Ya Fi Ƙarfinsa

Tun da rigimar 3I/ATLAS ta tashi a daminar 2025, hotuna iri biyu suka riƙa yawo a Facebook da X da TikTok. Akwai na manyan hukumomi, yawancinsu ɗigon haske ne mai dishi-dishi. Akwai kuma na masu sha'awar kallon sama, waɗanda suka ɗauka daga bayan gidajensu, ga launi ga wutsiya. Wasu daga cikin waɗannan da ƙananan maduban hangen sama irin Seestar S50 aka ɗauke su. Sai tambaya ta biyo baya: tunda abin da mutum zai rungume da hannu ɗaya yana iya kamo baƙon da ya fito daga wajen tsarin rana, me zai hana a saya a duba ko jirgin wasu halittu ne ko kuwa dutse da ƙanƙara? Gani ya kori ji. Amma a wannan fage gani yana da sharuɗɗansa, kuma da su za mu auna na'urar.

Ga wanda bai bi labarin ba, ranar 1 ga Yuli 2025 madubin ATLAS da ke Río Hurtado a ƙasar Chile ya gano wani abu mai gudun da rana ba za ta iya riƙe shi ba, kimanin kilomita 58 a sakan ɗaya tun kafin ta ƙara masa sauri. Shi ne na uku da aka tabbatar ya shigo daga tsakanin taurari, bayan ʻOumuamua a 2017 da Borisov a 2019. Wata bai cika ba Farfesa Avi Loeb na Jami'ar Harvard, tare da Adam Hibberd da Adam Crowl, suka fitar da takarda suna tambaya ko ƙirar hannu ce. A cikin takardar su da kansu sun ce mafi rinjayen zato shi ne tauraro mai wutsiya ne kamar sauran. Wannan magana ba ta yi nisa ba, kalmar jirgi ce ta karaɗe duniya. Loeb ya ci gaba da jera abubuwan da yake ganin sun saɓa wa al'ada: hanyarsa ba ta kauce wa shimfiɗar da duniyoyi ke zagaye a kai da fiye da digiri 5 ba, ya ɓuya bayan rana daidai lokacin da ya fi kusantarta, an ga nikel a iskarsa, wutsiyarsa ta fuskanci rana. Ya ƙirƙiro ma'auni daga 0 zuwa 10, ya ba baƙon 4.

Jama'a suka rabu biyu, masu cewa ana danne gaskiya da masu cewa dattijo ya zubar da girmansa. Rufe ayyukan gwamnatin Amurka daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba ya ƙara wa wutar fetur, domin hotunan da kumbon NASA ya ɗauka daga kewayen duniyar Mas a farkon Oktoba sun maƙale. 'Yar majalisa Anna Paulina Luna ta rubuta wasiƙa a sake su, Kim Kardashian ta tambayi muƙaddashin shugaban NASA Sean Duffy a X. Da aka fitar da su ranar 19 ga Nuwamba, aka kuma ce tauraro mai wutsiya ne, sai ƙorafi ya koma cewa hoton ɗan bayan gida ya fi na hukuma kyau, saboda haka akwai lauje cikin naɗi.

Abin da ke cikin kwali

Kamfanin ZWO da ke birnin Suzhou a ƙasar Sin ne ya ƙera S50, ta shiga kasuwa a 2023 a kan dala 499. Faɗin gilashinta milimita 50, tsawon tattara haskenta milimita 250, gilasai uku ne a jere don kada launuka su rabe a gefen taurari. Idon kyamarar Sony IMX462 ne, ɗigo 1,080 a faɗi, 1,920 a tsawo, kowane ɗigo maikiromita 2.9. Nauyinta kilo 2.5. Batirinta 6,000 mAh, kamfanin ya ce yana kai awa shida. Ma'ajiyar ciki gigabait 64. Tana zuwa da gajeriyar ƙafa uku wadda ba ta kai rabin mita ba, da igiyar USB-C, da matacin hasken rana, da akwatin soso. A cikinta akwai injin daidaita kaifin hoto, da abin ɗumama gilashi saboda raɓa, da matacin rage hasken gari.

Wanda ya saya da niyyar kanga ido zai sha mamaki, don ba ta da wurin sa ido ko kaɗan. Komai a waya ake gani, ta manhajar Seestar, ta Wi-Fi ɗin da na'urar ke fitarwa da kanta. Ana buƙatar intanet ranar farko don rajista da sabunta manhaja, daga nan tana aiki a daji ba tare da data ba.

Kafa ta ba wuya. A dasa ƙafa uku a ƙasa mai tauri, a ɗaura na'urar, a kunna, a haɗa da waya. Manhajar tana nuna da'irori biyu, a yi ta gyara ƙafafun har su haɗu. Idan aka zaɓi abin kallo, sai ta ɗaga hannunta, ta ɗauki hotunan sama a wurare kaɗan, ta gwada tsarin taurarin da taswirar da ke cikinta, ta gane inda take fuskanta. Daga nan ta rufe ido kamar minti guda tana auna ƙurar lantarkin kyamararta, wato ɗigogin bogi da kyamara ke haifarwa ko babu haske, sannan ta fara ɗaukar hotuna na sakan 10, ko 20, ko 30, tana ɗora su kan juna. Cikin minti goma daga buɗe akwati mutum yana ganin gajimaren taurari a tafin hannunsa. A wannan farashi, ta wannan fuska, ba mu da abin kushewa. Inda aka fi samun cikas shi ne kafa ta kusa da katanga ko ƙarƙashin bishiya: ta juya ta sami ganye maimakon taurari, ta kasa gane wuri. Rufin kwano ko daɓen bene mai motsi in an taka shi ma yana sa ta zubar da rabin hotunan.

Lissafin ɗigo ɗaya

A nan ne duk mai son raba gardamar jirgi zai tsaya ya yi lissafi kafin ya ciro kuɗi. Ana raba digiri ɗaya na sama gida 3,600, kowane gida mu kira shi sakan na kusurwa. Faɗin wata cikakke kimanin 1,800 ne. Ɗigo ɗaya a hoton S50 yana cin 2.4, kuma gilashi mai milimita 50 ba ya iya raba abubuwa biyu da suka fi haka kusa da juna ko da an canja masa kyamara. Doka ce ta haske, ba gazawar kamfani ba.

Ranar 19 ga Disamba 2025, da 3I/ATLAS ya fi kusa da mu, nisansa kilomita miliyan 270 ne. A wannan nisa sakan ɗaya na kusurwa yana daidai da kilomita 1,300. Wato ɗigo ɗaya tak a hoton S50 ya haɗiye fiye da kilomita 3,000. Ƙwayar baƙon kuwa, wato daskararren jikinsa da ke tsakiyar ƙura, bisa awon madubin Hubble da ke sararin samaniya, ba ta wuce kilomita 5.6 ba, tana ma iya zama mita 440. Ko da mafi girman adadin aka ɗauka, ana iya jera irinta ɗari biyar a cikin ɗigo guda. Saboda haka duk hoton da aka ce na irin wannan na'ura ne, yana nuna tagogi ko fukafukai ko siffar faranti, ba jikin abin ake gani ba. A awonsa na daminar 2025, Hubble ma bai raba ƙwayar daga ƙurar da ta lulluɓe ta ba, iyaka ya sa mata. Kyamarar HiRISE ta kumbon NASA da ke kewaya Mas ta hango shi daga kimanin kilomita miliyan 30, ɗigonta ɗaya kusan kilomita 30, ya fi na S50 kaifi sau ɗari.

To me ya sa hoton ɗan bayan gida ya fi kyau a ido? Domin ba abu ɗaya suke ɗauka ba. Fagen S50 digiri 1.29 ne a tsawo, 0.73 a faɗi, ya isa ya ɗauke wata biyu da rabi a jere. Tana tara haske na rabin awa ko awa, wutsiya mai tsawon dubban ɗaruruwan kilomita ta fito cikin taurari. HiRISE kuwa an ƙera ta ne don ƙasar Mas mai haske da rana tsaka, fagenta siriri, ta leƙa tsakiyar gajimaren ƙura ne kawai na ɗan lokaci. Kamar wanda ya ɗauki hoton guguwa daga nesa ne da wanda ya tura kyamararsa cikinta. Wanda ya yi dare biyu da S50 zai fahimci wannan ba tare da kowa ya yi masa lacca ba, kuma a ganinmu wannan kaɗai babban amfani ne.

Yadda na'urar ke ƙirƙiro jirgi da kanta

S50 taurari take bi, kuma a kan taurari take jera hotunanta. Tauraro mai wutsiya kuwa yana tafiya a tsakaninsu. A Disamba baƙon yana cin kimanin digiri ɗaya a kwana, wato sakan 2.5 na kusurwa a minti, ɗigo ɗaya ke nan kowane minti. Idan aka bar ta tana tarawa na minti 30, ƙwayar da ya kamata ta zama ɗigo sai ta zama sanda mai tsawon ɗigo 30, kai da gindi a zagaye, tsakiya da haske. A ƙara girman hoton a waya, ga siffar sigari ta fito sak. Babu wanda ya yi ƙarya, na'ura ce ta yi abin da aka ƙera ta ta yi.

Maganinsa yana cikin saituna, amma a kashe yake zuwa. Kafin a fara, a kunna zaɓin ajiye kowane hoto ɗai-ɗai. Kowane fayil na FITS, wato ɗanyen hoton da na'urar ke ajiyewa, kimanin megabait 4 ne, awa guda ta hotunan sakan 10 ba ta wuce gigabait ɗaya da rabi. Da safe a kwashe su ta USB zuwa kwamfuta, a buɗe da Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta ne kuma suna da hanyar jera hotuna a kan tauraro mai wutsiya. Ana nuna wa manhajar ƙwayar a hoton farko da na ƙarshe, ta lissafa saurinta, ta jera a kanta. Sai abin ya juye: taurari su zama sanduna, baƙon ya koma ɗigo mai hazo. Duk wanda ya turo hoton doguwar siffa, wannan ce tambayar farko da za a yi masa: a kan me aka jera, kuma minti nawa?

Akwai wasu tarkuna. Kyamarar ba ta da na'urar sanyaya, ƙurar lantarkinta tana kusan ninkawa duk ƙarin zafi na digiri 6 zuwa 7. Awon da ta yi da magariba bai dace da sanyin asuba ba, sai jajaye da korayen ɗigogi su bayyana, jerawa kuma ta ja su su zama gajerun layuka masu kama da ayarin fitilu. A sake awon duhu idan dare ya raba. Taurarin ɗan'adam na sadarwa da ke tsaye a kan wuri ɗaya suna jere kusa da ikwaitar sama, yankin da baƙon ya ratsa a Nuwamba yana burujin Sumbula. Tunda na'urar tana bin taurari, kowannensu yana jan layi mai ɗigo 60 da ɗoriya a hoton sakan 10. Sai maɓallin goge ƙura mai aiki da ƙirƙirarriyar basira da aka ƙara wa manhajar. Yana gyara hoto don sha'awa, amma yana cike gurbi da abin da yake zato, ya mai da hazo ya zama zare-zare masu kaifi. Hoton da ya bi ta cikinsa ya tashi daga hujja.

Matacin hasken gari ma a kashe shi. An yi shi ne don gajimaren iskar gas, yana barin siraran launuka biyu kawai su wuce. Ƙurar tauraro mai wutsiya hasken rana take mayarwa, mai dukan launuka, matacin sai ya yanke mafi yawansa, mutum ya ce wutsiya ta ɓace.

Batun nikel kuwa ya fi ƙarfinta gaba ɗaya. Sai an warware haske zuwa launukansa dalla-dalla ake gane sinadari, kamar yadda aka yi da madubin VLT mai faɗin mita 8.2 a Chile, ko James Webb da ya gano iskar kabon dayoksaid mai yawa a watan Agusta. S50 ja da kore da shuɗi kawai ta sani. Yana da kyau kuma a tuna tun 2021 aka ba da rahoton tururin nikel a jikin Borisov da taurari masu wutsiya na tsarin ranarmu.

Inda take da ta cewa

Wuri da lokaci. A nan ƙaramin madubi yana da baki a gardamar, kuma kusan babu wanda ya yi amfani da shi ta haka cikin masu ihu.

Babbar fargabar da aka yaɗa ita ce baƙon zai kunna inji yana bayan rana, a ƙarshen Oktoba, ya karkato. A ɗauka ya sauya gudunsa da kilomita ɗaya kacal a sakan, ta gefe. Cikin mako biyu zai kauce da kilomita miliyan 1.2. Daga nisan da yake a tsakiyar Nuwamba, sama da kilomita miliyan 300, wannan kusan sakan 800 ne na kusurwa, ɗigo fiye da 300 a hoton S50, kusan sulusin faɗin allo. Makaho ne kawai ba zai gani ba. Da ya fito da asuba a Nuwamba, inda lissafi ya ce zai fito nan aka same shi, sai ɗan bambanci ƙanƙani irin wanda turin iskar gas ke jawo wa taurari masu wutsiya.

Ga yadda ake gwajin. A shiga shafin Horizons na cibiyar JPL ta NASA, a sa sunan abin (na wannan baƙo C/2025 N1 ne a rajista), a sa wurin da ake tsaye, a nemi jadawalin matsayinsa awa-awa. A sauke jadawalin a ajiye tun kafin abin ya ɓuya, domin shafin yana sabunta lissafinsa da sababbin awo, kuma mai shakka zai ce an gyara ne daga baya. Ajiyayyen jadawali shi ne shaida. Bayan an ɗauki hoto, a sa manhajar ASTAP ko Siril ta ɗora masa layukan matsayi, a karanta inda ƙwayar take, a gwada.

Kurakurai biyu ke ɓata wannan aiki. Jadawalin da agogon UTC yake, Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, Ghana daidai take da shi. Kuskuren awa guda yana kawar da baƙon da ɗigo 60, mutum ya zaci ya kama shi yana sauya hanya. Na biyu, lambobin matsayi iri biyu ne, na shekarar 2000 da na ranar da ake ciki, bambancinsu yanzu ya kai sulusin digiri, kusan rabin faɗin fagen S50. A tabbatar iri ɗaya ake gwadawa.

Sai awon haske. Akwai tauraro a arewacin sama mai lamba KIC 8462852, wanda aka fi sani da sunan Tabetha Boyajian. 'Yan sa-kai na shirin Planet Hunters ne suka lura a bayanan kumbon Kepler cewa haskensa yana faɗuwa ba bisa tsari ba, har kashi 22 cikin ɗari. A 2015 Jason Wright na Jami'ar Penn State ya kawo yiwuwar wasu manyan gine-gine ne ke kewaya shi, jaridu suka ɗauka. Abin da ya biyo baya shi ya bambanta wannan labari. A 2016 mutane suka tara sama da dala 100,000 ta Kickstarter aka sayi lokacin madubai. Gwajin a bayyane yake tun farko: abu mai kauri irin gini yana tare dukan launuka daidai wa daida, ƙura kuwa ta fi tare shuɗi. A 2018 sakamako ya nuna shuɗi ya fi dusashewa. Ƙura ce, kuma Wright yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar.

Wannan tauraro yana kan 11.7 a ma'aunin haske, inda ido ke tsayawa a 6, kuma duk ƙarin 5 na nufin raguwar haske sau ɗari. S50 tana kama shi cikin sauƙi da daddare daga Agusta zuwa Nuwamba, idan gajimare ya bari. A kashe mataci, a ɗauki hotunan sakan 10, a haɗa su talatin-talatin, a ware koren launi kaɗai, a gwada da taurarin da ke kusa waɗanda AAVSO, ƙungiyar masu lura da taurari masu sauya haske, ta tantance haskensu. Faɗuwar kashi 22 daidai take da 0.27 a ma'auni, za ta fito fili. Ta kashi ɗaya kuwa 0.01 ce, ɗan hazo kaɗan ya isa ya haɗiye ta, kada a yi gaggawar shela.

Dangane da zurfi, cikin sama mai duhu tana kaiwa wajen 15 zuwa 16 a ma'aunin haske idan an tara na mintoci. 3I/ATLAS yana wajen 18 ranar da aka gano shi, sai a Nuwamba da haskensa ya ƙaru zuwa kusa da 10 ya shigo hannunta sosai. ʻOumuamua, wanda aka gano yana wajen 20, da ba ta gan shi ba sam.

A ƙasarmu

Na'urar tana juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, alhali sama a karkace take zagayawa, sai fagen hoto ya riƙa murɗawa a hankali, kusurwoyi su yi duhu. Murɗawar ta fi tsanani kusa da ikwaita. A Kano, digiri 12 arewa, ta fi ta Landan da kusan rabi. Ta fi muni idan abin kallo yana can sama ta kudu ko arewa, tana kusan ɓacewa idan yana gabas ko yamma sak. Sa'ar da muka yi ita ce duniyoyi da yawancin baƙin da ke bin shimfiɗarsu suna fitowa daga gabas su miƙe sama kusan tsaye, don haka a kama su tsakanin digiri 30 da 65 daga ƙasa, a bar su idan sun doshi tsakar ka. A 2025 kamfanin ya ƙara tsarin karkatar da na'urar ta fuskanci tauraron arewa, wanda ke kashe murɗawar. A Turai gyara ne mai sauƙi. A nan sai an kwantar da ita digiri 78 daga tsaye, kusan a gicciye, nauyinta duk ya koma gefe ɗaya. Gajeriyar ƙafar da ta zo da ita ba za ta riƙe ba. Sai babbar ƙafa mai nauyi, ƙafa ɗaya tana ƙarƙashin inda ta rinjaya, da jakar yashi a rataye.

Hazon hunturu shi ne babban abokin gaba, kuma daidai lokacinsa baƙon ya fi haske. Ƙura tana watsa fitilun gari ta haske sama, ƙwaya ta fito, wutsiya ta nutse. Fita bayan gari da kilomita ashirin ko talatin ya fi kowane mataci amfani. Dare mafi tsabta shi ne bayan ruwan ƙarshen damina, a lokacin ne kuma raɓa ke sauka, sai a kunna abin ɗumama gilashi, shi kuma yana cin batir, a haɗa da fawa-bank tun farko. Da hunturu a bar shi a kashe. Ƙurar da ta kwanta a gilashi kada a share ta da bakin riga, yashi ne, yana karce rufin gilashin. A hure da robar hura iska ta masu kyamara, a rufe hannun na'urar da zarar an gama. Kamfanin ya sa iyakar zafin aikinta a digiri 40, saboda haka a bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai kada a bar ta cikin mota, kallon rana kuma a yi shi da hantsi, bayan an tabbatar matacin rana ya zauna daram kafin ta juya.

Hukuncinmu

Masu cewa malaman taurari ba sa yarda su ga ƙirar hannu a sama ba su bi tarihin aikin ba. A Satumbar 2020 aka gano wani abu aka sa masa 2020 SO. Paul Chodas na JPL ya ga hanyarsa ta yi kama da ta duniyarmu fiye da kima, ya yi zaton guntun roka ne. Aka bi sawunsa baya zuwa 1966, aka auna haskensa daga Hawaii, ya dace da ƙarfen da ba ya tsatsa: rokar Centaur ce da ta harba kumbon Surveyor 2. A Janairun 2025 ma an yi wa wani abu rajistar dutse, kafin kwana ya zagayo aka soke, don motar Tesla ce da aka harba a 2018. Tambayar ko abu ƙirar hannu ne halas ce, ana yin ta, ana kuma amsa ta da awo.

Inda muke ganin Loeb ya yi kuskure shi ne miƙa wa jama'a lamba, 4 cikin 10, wadda ba daga wani awo ta fito ba, da kuma ƙaro sabon abin mamaki duk lokacin da aka warware na baya, har ya zama babu sakamakon da zai rufe maganar. Masu yi masa ba'a su ma ba su kyauta ba, domin sun kori dubban mutanen da karo na farko ke nan suka ɗaga kai suka tambayi abin da ke sama. Mutumin da aka yi wa dariya ba ya dawowa ya koyi lissafin ɗigo.

Wanda ke son S50 don ya ga jikin jirgi ya riƙe kuɗinsa, cinikin biri a sama zai yi. 3I/ATLAS ma hanyarsa ba mai dawowa ba ce. Wanda ke son hotunan Jufita da zoben duniyar Saturn masu kaifi shi ma ba tasa ba ce, duniyoyi ƙanana suke fitowa a milimita 250. Amma makarantar sakandare, ko sashen kimiyyar lissafi da fiziks na jami'a, ko ƙungiyar matasa da za su yi karo-karo, da wuya su sami abin da zai ba su wannan aiki a wannan kuɗi: wata, tabon rana, gajimaren taurari, taurari masu sauya haske, da duk tauraro mai wutsiya da haskensa ya kai 13 ko 14 a ma'aunin haske. Ƙanwarta S30, mai gilashin milimita 30, ta fi araha da sauƙin ɗauka, fagenta ya fi faɗi, amma hasken da take tarawa bai kai kashi 40 cikin ɗari na S50 ba, don awo babbar ta fi.

A lissafa kuɗin jirgi da na kwastan a kan farashin, a kuma tambayi mai kawowa tun farko ko yana ɗaukar kaya mai batirin litiyam a ciki, don ba kowane ke karɓa ba. A ƙara fawa-bank mai 10,000 mAh ko fiye, da ƙafa uku doguwa mai kusoshin inci 3/8, da kwamfuta ko da tsohuwa ce wadda za ta ɗauki Siril. Madubin Vera Rubin mai faɗin mita 8.4 ya fitar da hotunansa na farko daga Chile a Yunin 2025, ana kuma sa ran zai riƙa gano irin waɗannan baƙi fiye da da. Ranar da aka sanar da na huɗu, a sauke jadawalinsa daga Horizons a makon farko, a rubuta kwanan wata a sunan fayil ɗin, a sake sauke wani duk bayan mako biyu ba tare da goge na baya ba.